Gidan tarihi na yara: a fara da wasan, gini ya biyo baya

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni fili a shafin wasiƙu in yi magana a madadin waɗanda ba su kai rubuto maka da kansu ba, wato ƙananan yara. Ni malamar ajin raino ce mai ritaya a nan Kano, kuma kaka. Kwanakin baya wasu bayin Allah, ƴan kasuwa da tsofaffin ma'aikata, suka gayyace ni zaman da suke yi a kan kafa gidan tarihi na yara, irin wanda wasunsu suka gani a ƙasashen waje, inda yaro ke shiga ya taɓa, ya gwada, ya yi wasa. Niyyarsu mai kyau ce, Allah Ya saka musu da alheri. Ba zan ambaci sunan kowa ba tunda maganar ba ta nuna ba tukuna. Amma na san ba su kaɗai ke wannan tunani ba, shi ya sa na ga gara in faɗi ra'ayina a fili, ko wani a Kaduna ko Sakkwato ko Maraɗi zai tsinci abin amfani.

Abin da na gani shi ne an fara daga inda ya kamata a ƙare. An kawo zanen bene mai hawa uku, gilashi tun daga ƙasa har sama, na'urar sanyaya ɗaki a kowane lungu, da manyan allunan kwamfuta a jikin bango. Aka daɗe ana ja-in-ja a kan launin fenti, da wurin ajiye motoci, da babban baƙon da zai yanke ƙyalle. Da na tambaya, shin idan ɗan shekara uku ya shigo, me zai yi da hannunsa a minti goma na farko, sai aka yi tsit. Can wani ya ce ai wannan mai sauƙi ne, in an gama gini sai a yo odar kayan wasa daga Dubai ko Sin. To ni a ganina an ɗinka riga ke nan ba a auna mai ita ba.

Su waɗanda muke son koyi da su ba da gini suka fara ba. Gidan tarihi na yara na farko a duniya an buɗe shi ne a Brooklyn, cikin birnin New York na Amurka, a shekarar 1899, kuma a wani tsohon gidan zama aka buɗe shi. Na Boston ya biyo baya a 1913, ya yi shekaru yana ajiye kaya a cikin gilashi kamar kowane gidan tarihi, har zuwa 1962 da Michael Spock ya zama shugabansa. Shi ne ya kawar da allunan nan na "kar a taɓa", ya sa aka yanka kayan amfanin yau da kullum gida biyu don yaro ya leƙa ya ga abin da ke cikinsu. Na Philadelphia, da ake kira Please Touch Museum, wata malamar yara ce mai suna Portia Sperr ta fara shi a 1976 a ɗan wurin da aka ara mata a cikin wani gidan tarihin. A San Francisco kuwa, lokacin da Frank Oppenheimer ya buɗe gidan gwaje-gwajen kimiyya na Exploratorium a 1969, ɗakin kafintoci da maƙera a fili ya bar shi, baƙi na kallon yadda ake haɗa kayan da yadda ake gyara su in sun lalace. Ko a nahiyarmu, gidan yara na Play Africa da ke Johannesburg ta Afirka ta Kudu a harabar tsohon kurkukun nan na Constitution Hill ya sami matsuguni, kuma yana ɗaukar kayansa ya bi yara har makarantu da unguwanni. Duk cikinsu babu wanda ya jira bene.

Kar a fahimce ni baibai. Ba na raina gidajen tarihinmu. Gidan Makama a nan Kano, da na Jos da aka buɗe a 1952, aikinsu adana kayan kakanni ne, kuma gilashi da kashedi sun dace da su, domin abin da ya shekara ɗaruruwa in ya fashe babu madadinsa. Gidan da muke magana a kai aikinsa daban. Shi duk abin da aka ajiye a ciki, an ajiye shi ne da sanin cewa za a ja shi, a jefar, a tauna, a zauna a kai.

Kuma abin da za a zuba a ciki ba sai mun haye teku ba. Duk wanda ya tashi a ƙasar nan kafin shaguna su cinye dandali ya san yadda yaro ke haɗa motar kara bayan an yi girbin dawa. Zai zaɓi kara mai kauri, ya ɓare shi da haƙori ko farce, ya ware ɓawon gefe guda, totuwar gefe guda. Ya yanka totuwar daidai da daidai, don in ɗaya ta fi ɗaya tsawo motar za ta karkace. Ya soke su da siraran ɓawon, ya yanko tayoyi daga tsohon silifas ko sakaina, ya huda tsakiyarsu. In hudar ta kauce daga tsakiya, taya za ta riƙa ɗingishi, shi da kansa zai gani, ya cire ya sake. Babu malami a kansa, babu bulala, babu jarrabawa, amma sai ya yini a kai ko ruwa bai nema ba. A cikin wannan yinin ya yi awo, ya yi ƙidaya, ya gwada ya faɗi ya sake gwadawa, ya yi ciniki da abokinsa a kan aron reza. In ka kai wa yaron nan motar roba mai batir, zai yi murna ta kwana biyu, batir ya ƙare, taya ta fita, shi ke nan ta zama shara, domin ba shi ya yi ta ba, bai san ta inda zai gyara ta ba.

Haka tuwon ƙasa da ƴan mata ke yi da gwangwanin tumatir da murfin kwalba, wata ta zama uwar gida, wata baƙuwa, wata mai talla. Wanda ya tsaya ya saurare su zai ji irin maganar da ke zuba daga bakinsu, gaisuwa da tayi da ban haƙuri da rarrashi, abin da sai ka yi wata guda a aji ba ka ciro shi daga bakin yarinya ba. Carafke na koyar da ido da hannu su yi aiki tare, kuma hannun da ya iya cafe dutse shi zai iya riƙe alƙalami. Ƴar gala-gala da langa na ƙarfafa ƙafa da koya wa jiki tsayuwa. Dara kuwa lissafi ne tsagwaronsa. Sai tatsuniya da kacici-kacici, inda yaro ke koyon jira har a kai ƙarshen zance, da riƙe abin da ya gabata a ka. Yawancin ƴan birni na yanzu ba su san rabin waɗannan ba. Ba laifinsu ba ne. Filin da za su yi an yanka shi fuloti, titi ya cika da babura da adaidaita sahu, iyaye kuma na tsoron barin yaro waje bayan magariba, kuma suna da hujja.

Na san za a ce tsohuwa ce ke kewar zamaninta. To ga abin da masu bincike suka gano. Cibiyar nazarin girman yara ta Jami'ar Harvard ta ce a shekarun farko na rayuwa, ƙwaƙwalwar yaro na ƙulla sababbin mahaɗai sama da miliyan ɗaya a kowace daƙiƙa, kuma abin da ke ƙarfafa su shi ne ba-ni-in-ba-ka tsakanin yaro da babba: ya yi gwaranci a amsa masa, ya nuna abu a faɗa masa sunansa. A Kingston ta ƙasar Jamaika an yi wani bincike da ya fi kama da halin da muke ciki. A tsakanin 1986 da 1987, ƙarƙashin jagorancin Sally Grantham-McGregor, aka ɗauki yara 129 ƴan wata 9 zuwa 24 waɗanda suka tsumbure saboda ƙarancin abinci. Wasu daga cikinsu aka riƙa aika musu ma'aikaciyar lafiya sau ɗaya a mako har shekara biyu, tana nuna wa uwa yadda za ta yi wasa da hira da ɗanta, da kayan wasan da aka haɗa a gida. Bayan shekara ashirin aka sake bibiyar su. Sakamakon da aka wallafa a 2014 ya nuna waɗanda aka yi wa wannan ziyara suna samun kuɗin shiga da ya ɗara na sauran da kusan kashi 25 cikin ɗari. Ba kwamfuta aka ba su ba, Malam Edita. Uwa ce da tabarma da abin wasan da aka yi da hannu.

Wannan ya shafe mu kai tsaye, domin binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna kashi 37 cikin ɗari na yaran Najeriya ƴan ƙasa da shekara biyar sun tsumbure, a Arewa maso Yamma kuwa abin ya kai kashi 57. Ba cewa nake wasa zai maye gurbin abinci ba, ciki da yunwa ba ya wasa. Cewa nake yaran da suka fi buƙatar irin wannan gida su ne waɗanda iyayensu ba za su iya biyan kuɗin shiga bene mai gilashi ba. In aka gina shi a unguwar masu hali, aka sa kuɗin ƙofa mai tsada don a sayi man janareta, to ƴaƴan da ɗakunansu ke cike da kayan wasa su ne za su sake samun ƙari.

Batun allunan kwamfuta kuwa, Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da shawara a 2019 cewa yaron da bai kai shekara biyu ba kada a zaunar da shi gaban allo, ɗan shekara biyu zuwa huɗu kuma kada ya wuce awa ɗaya a rana, sannan yana buƙatar aƙalla awa uku yana motsa jiki. Yaran nan sun riga sun ƙoshi da wayar iyayensu a gida. Mene ne amfanin a ɗauko su a kawo su gaban wata wayar da ta fi girma?

Ba ina nufin a mayar da gidan rumbun tsofaffin wasanni ba. A kawo maganaɗisu da madubai da gilashin ƙara girma. A kawo ƙaramin faifan sola a haɗa shi da ƴar fanka, yaro ya rufe faifan da tafin hannunsa ya ga fanka ta tsaya, ya ɗauke hannu ya ga ta tashi. Amma a fara da ruwa da yashi, don ban taɓa ganin yaron da ya gaji da su ba. A yi ƴar magudana mara zurfi, da guga da igiya da jigo irin na masu lambu, yaro ya ɗebo ya zuba ya tare ruwa ya sake shi. A yi ƴar kasuwa da mudu da tiya da sikeli na gaske, da tsakuwa ko ƙwallon dabino a matsayin hatsi, ya gane da idonsa mudu nawa ke cika kwano. A ajiye yumɓu da mai ginin tukwane a zaune kusa, da tubalan ƙasa ƙanana na gina ɗaki, da ƙyallaye da baba don a ɗanɗana aikin da marinar Ƙofar Mata ta shahara da shi. Maƙwabtanmu na Nijar sun riga mu gane wannan. Gidan tarihin Boubou Hama da ke Yamai, wanda aka kafa a 1959, masu sana'ar hannu na zaune a harabarsa suna aikinsu a gaban jama'a. Kallon maƙeri ko masaƙi yana aiki, da ba yaro dama ya ɗan sa hannu, ya fi hotonsu a bango sau dubu.

Sai ɗaki guda na ƴan ƙasa da shekara uku, wanda zanen da na gani ya manta da shi kwata-kwata. Shimfiɗa mai laushi, abin dafawa a miƙe, abin rarrafawa a ƙarƙashi, babu ƙananan abubuwan da za a haɗiye, babu manyan yara masu tsere. Wannan ɗakin rabinsa na uwa ne. Nan za ta zauna ta ga wata uwar na hira da jaririn da bai fara magana ba, ta ga ashe ba hauka ba ne.

Wanda zai tsara wuri a ƙasar Hausa dole ya tambayi kansa wa zai kawo yaron. Uba na kasuwa ko ofis. Mata da yawa ba sa fita sai da dalili da izini. Sau da yawa yaya ce ƴar shekara goma sha biyu za ta zo da ƙanne biyu, ɗaya a goye, ko kaka irina mai ciwon gwiwa wadda ba za ta hau hawa uku ba. Saboda haka a ware ranakun mata zalla, da ma'aikata mata. A yi wurin shayarwa, da wurin alwala da salla, da bayan gida daidai tsawon yara, da ruwan wanke hannu da sabulu a bakin ƙofa. A yi hanya mai gangara don mai keken guragu, a tanadi wanda ya iya maganar kurame. Alhamis da Juma'a makarantun allo na hutu, to a buɗe ƙofa kyauta ga ƙananan almajirai, a je a gaida malamansu a nemi yardarsu tun kafin a fara. Su ma yara ne, kuma a iya sanina babu wanda ya kai su iya haɗa mota da gwangwani.

Akwai masu ganin wasa shiririta ce da ɓata lokaci, kuma na sha fama da iyayen da ke zuwa su ce sun biya kuɗin makaranta amma ɗansu ɗan shekara uku bai fara rubuta ABCD ba, kullum sai waƙa da yashi. Ga masu kawo hujjar addini, ya tabbata a hadisi cewa Nana A'isha, Allah Ya ƙara mata yarda, tana wasa da ƴan tsana ita da ƙawayenta a gidan Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, bai hana ba. Ya kuma tabbata ya tsawaita sujada saboda jikansa ya hau bayansa, bai so ya katse masa ba. Ga masu son hujjar doka kuma, sashe na 31 na yarjejeniyar kare haƙƙin yara ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1989, wadda Najeriya ta amince da ita a 1991, ya sa wasa da hutu cikin haƙƙoƙin yaro. Tun 2024 ma an ware 11 ga Yuni a matsayin ranar wasa ta duniya. Mu kuwa ranar yaranmu ta 27 ga Mayu, abin da muka iya shi ne mu jera su a rana su yi fareti manya na zaune a inuwa.

Inda nake son masu kuɗin su fi kasa kunne shi ne nan. Gina wuri ba shi ne wahala ba, riƙe shi ne. Na taɓa kai jikokina wani wurin wasa da aka buɗe da kiɗa da jawabai. Da muka je, lilo guda ne ke aiki cikin jerin, sarƙar sauran ta tsinke an ɗaure da waya, abin zamiya na ƙarfe ya yi zafin da ba ya taɓuwa, jirgin wutar kuma an ce sai an kawo wuta. Mai karɓar kuɗi ne kaɗai ke bakin aikinsa. Wurin da yara ɗari za su shiga a yini, dole kullum wani abu ya karye. In kayan daga waje aka yo odarsu, ƙaramin ƙarfe ɗaya zai kashe na'ura har abada. In kafintan unguwa da mai walda da tela suka yi su, kafin la'asar an gyara. Don haka a ware kuɗin gyara da albashi na shekaru tun kafin a sayi buhun siminti na farko, a kuma ba mai gyara ɗaki a cikin gidan.

Gilashi kuma a garin da zafi ke haura digiri 40 a watan Afrilu, tanda ce, sai an yi ta ƙona mai kafin a iya zama. Kakanninmu da suka yi katanga mai kauri da soro da zaure ba don rashin wayo ba ne. A yi gini ƙasa-ƙasa mai tsakar gida da rumfuna, a dasa darbejiya da mangwaro tun yau don su riga ginin girma. A kuma gwada yashin da fentin kafin yaro ya taɓa. Ba mu manta da gubar dalma ta Zamfara a 2010 ba, wadda ta kashe yara sama da 400, kuma ta ƙasa da ƙura ta shiga jikinsu. Ƙaramin yaro duk abin da ya taɓa baki yake kai shi.

Ma'aikata su ne ran gidan. Kwalejojin ilimi na yaye ɗalibai a fannin renon yara, da yawansu na zaune babu aiki. A ɗauko su, a haɗa su da tsofaffin mata masu tatsuniya a biya su su ma. Horon da ya fi wuya shi ne koya wa babba ya riƙe hannunsa da bakinsa. Mun saba da "kawo in yi maka", da "ba haka ake yi ba", da "za ka ɓata kayanka". Sau da yawa na ga yaro na dab da gano yadda murfi ke shiga bakin tulu, sai babba ya fizge ya rufe masa, yaron ya juya ya bar wurin. Bulala da tsawa kuwa a bar su a waje tare da takalma.

Shawarata ga duk masu wannan niyya ita ce su jinkirta gini shekara guda. A ari harabar wata makarantar firamare ranakun Asabar da Lahadi. A zuba tabarmi da yashi da kara da yumɓu da robobin ruwa a adaidaita sahu, wannan makon a wannan unguwa, mako mai zuwa a wata. A sa mutum biyu da littafi su zauna gefe suna rubuta abin da suka gani: ina yara suka fi daɗewa, me suka yi banza da shi, me ya karye, me ya jawo faɗa, su wa suka zo, su wa ba su zo ba kuma me ya hana su. A ratsa da zafi da damina da hunturu, don wasan kowane lokaci daban ne. Littafin nan shi za a miƙa wa mai zanen gini. Kuɗin wannan gwaji gaba ɗaya ba zai kai na gilashin hawa ɗaya ba.

Kai ma, Malam Edita, ina da roƙo a wurinka. Ka ware ɗan gurbi a jaridarka inda dattawa maza da mata za su riƙa aiko da wasannin da suka yi suna yara, domin langar Kano ba lallai ta zama ɗaya da ta Katsina ko Damagaram ba, kuma masu sanin ƙa'idojin suna ƙarewa. Duk mai aikowa ya faɗi garinsu, da yawan masu yin wasan, da kayan da ake buƙata, da yadda ake farawa, da yadda ake faɗuwa, da lokacin shekarar da ake yin sa.

Wassalam.

Taku,
Malamar ajin raino mai ritaya,
Kano.